Barkwancin matuƙa da gaskiyar da ke ƙarƙashinsa: yadda ake tashi da ƙaramin jirgi lafiya a Kebbi da Zamfara

Matuƙan ƙananan jirage suna da wata raha da suke tarbar sabon ɗalibi da ita. Sukan ce farfelar da ke hancin jirgi fanka ce kawai, an sa ta don ta riƙa sanyaya direba, shaida kuwa ita ce, in ta tsaya a sama nan take za ka ga gumi ya keto masa. Ana yin dariya, amma malamin da ya faɗa yana so ne ɗalibi ya riƙe abu guda: injin nan ɗaya ne tak, kuma duk abin da zai hana shi tsayawa a sama, a ƙasa ake yin sa. Kusan duk barkwancin da ke yawo a rumfar jirage haka yake, kowanne da haɗarin da ya haife shi.

Alƙaluman da ke nan na Cessna 172S ne, mai kujeru huɗu da injin Lycoming mai ƙarfin doki 180, domin samfurin 172 shi ne jirgin da aka fi ƙerawa a duniya. In naka wani samfuri ne, littafin jirginka shi ne alƙali. Gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya kilomita 1.852 ke nan a awa. Wannan bayani kuma ba ya maye gurbin malami mai lasisin NCAA, hukumar kula da harkokin jiragen sama ta Najeriya.

Ka fara da kanka

Zazzaɓi, rashin barci, ɓacin rai da maganin mura mai sa gyangyaɗi, kowannensu ya isa ya sa ka fasa. Ƙishi ma haka, yana rage kaifin tunani tun kafin mutum ya ji wani abu a jikinsa. Mai azumi a watan zafi ya tashi da sassafe yana da sauran ƙarfin sahur. Tashin bayan la'asar, ya bar wa wanda bai galabaita ba.

Sai yanayi da izini. Karɓi rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi, na filin da za ka bari, da wanda za ka je, da na ukun da za ka karkata in abu ya ɓaci. Daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa kusa da Birnin Kebbi, filin Sultan Abubakar III na Sakkwato yana da nisan kimanin kilomita 100 a miƙe, tafiyar wajen rabin awa. Karanta sanarwar NOTAM ta ranar, wato gargaɗin da ake fitarwa ga matuƙa, ka shigar da tsarin tafiyarka a wajen NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro, don haka duk mai nufin Gusau ya tabbatar da halin da ake ciki a hukumance, ba daga bakin abokai ba. Mai yin yamma ko arewa daga Birnin Kebbi kuma ya tuna iyakokin Nijar da Binin ba nisa, iska na iya tura shi sararin wata ƙasa bai ankara ba.

Mai

Sukan ce lokaci ɗaya ne mai yake yi wa jirgi yawa, wato sa'ad da ya kama wuta. Tankunan 172S suna cin galan 56, amma 53 ne inji ke iya sha, kimanin lita 200. A tafiya yana shan galan 8 zuwa 10 a awa, gwargwadon totur da yadda ka daidaita mai da iska. Kada ka yarda da allurar da ke gabanka ita kaɗai. Hau tsani, buɗe murfin kowane tanki, zura sandar awo, ka gani da idonka, sannan ka rufe murfin har ya kama. Murfin da bai zauna ba, iskar saman fiffike za ta riƙa zuƙe man tana watsarwa, kai ba ka gani tunda fiffiken yana bisa kanka.

Ƙa'ida ta ce a sauka da rana da ragowar man minti 30, da dare 45. A wannan yanki da filaye suke nesa da juna, kuma hazo kan rufe guda cikin ɗan lokaci, awa guda cikakkiya ita ce hankali. Ka kuma san cewa afgas, wato fetur ɗin da irin wannan jirgi ke sha, yana da wuyar samu a filayen Najeriya. Tambayi filin da za ka je tun kafin ka tashi. In babu, lissafinka na zuwa da dawowa ne.

Afgas 100LL shuɗi-shuɗi ne. Kananzir ɗin jirgi, Jet A1, fari ne ko ruwan tattaka, yana da maiƙo da warin kananzir. In aka zuba shi a injin fetur, injin zai tashi lafiya da ragowar man da ke cikin bututu, sai an ɗaga sama da cikakken totur ya fara ƙwanƙwasa ya mutu. Ruɗanin yana da sauƙin faruwa yanzu, don akwai ƙananan jirage irin Diamond DA40 NG, waɗanda kwalejin horar da matuƙa ta Zariya ke amfani da su, da kananzir ɗin suke sha. Saboda haka ka tsaya a wurin yayin da ake zuba maka mai. In kana shakka, ɗiga kaɗan a farar takarda: afgas yana bushewa ba tabo, kananzir yana barin maiƙo.

Ruwa shi ne na biyu. A 172S akwai wuraren tatsar mai 13, biyar ƙarƙashin kowane fiffike, uku a ƙarƙashin jiki. Ka tatsa duka cikin kofin gwaji, ka ɗaga shi ga haske. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallaye. Ka yi ta tatsa har ya ƙare, ka girgiza fiffike, ka ɗan jira, ka sake. Kofin da ya fito fari tas ba launi, ka sansana shi, don yana iya zama ruwa zalla. Da damina ruwa yana shiga ta robar murfi da ta tsufa, ko daga durom da aka bari a tsaye ruwan sama ya taru a kansa. Da hunturu kuwa matsalar tartsatsi ce: busasshiyar iska tana tara lantarki a jikin ƙarfe, don haka a haɗa wayar as tsakanin jirgi da abin zuba mai kafin a buɗe murfi.

Zagayen jirgi

Makulli a aljihunka ko a kan allon gaba inda kowa zai gan shi, sannan ka zagaya da takardar dubawa a hannu, ta hanya ɗaya kullum. Baƙin mai kada ya gaza kwat 5, cikarsa 8. Shafa gefen farfela da yatsa. Tsakuwa takan yi mata ƙaramin tsagi, daga nan kuma tsagewa take farawa. Kada ka taɓa tsayawa a da'irarta ko ka juya ta da wasa, domin in wayar maginito, na'urar da ke ba fulogi wuta, ta tsinke injin na iya tashi ko makulli a kashe. Duba iskar taya, ɗigar man birki, da kusoshin filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa wajen sauka) da na jela.

Abin da ya fi cancantar tsayawa a nan shi ne zanzaro. Ƙarƙashin fiffiken hagu akwai ɗan siririn bututu mai fuskantar gaba, shi ke karɓar iskar da agogon gudu ke aunawa. Zanzaro na son irin wannan rami, kuma cikin ɗan lokaci zai toshe shi da laka. Haka bututun numfashin tanki, wanda in ya toshe mai zai daina sauka zuwa inji, da ɗan ramin da ke gefen jikin jirgi mai ba agogon tsayi iska. A 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, masu bincike kuma suka gano bututun auna gudu ne ya toshe, sun fi zargin gidan irin wannan ƙwaro bayan jirgin ya daɗe a ajiye. Leƙa kowane rami da tocila. In ka ga laka, kira injiniya. Kada ka hura da baki, za ka lalata agogon, kada kuma ka zura tsinke. Leƙa cikin murfin inji ma, tsuntsaye na saka sheƙa a kan silinda, busasshiyar ciyawa kuma ba ta jimre wannan zafi.

Gilashin gaba roba ne. In ƙurar hunturu ta kwanta a kai, kwarara masa ruwa tukuna, sannan ka goge da tsumma mai laushi daga sama zuwa ƙasa. Gogewa a bushe tana karce shi, ranar da ka fuskanci rana wajen sauka kuma ba abin da za ka gani sai ƙyalli. Matatar iskar inji tana cika da wuri a wannan lokaci, a riƙa duba ta fiye da yadda aka saba.

Nauyi da zafi

Kujeru huɗu ba su nufin manya huɗu. Iyakar nauyin tashi kilo 1,157 ne. Jirgin da kansa yakan kai wajen kilo 770, ainihin adadin yana cikin takardar awon jirginka. Cikakken mai kilo 144. Abin da ya rage bai wuce kilo 245 ba, manya huɗu masu kilo 75 kuwa 300 ne, tun ba a ɗora jaka ba. Ko dai a rage mai, ko a rage mutum. A nan kunya take kashe mutane: Alhaji ya zo da ƙaninsa da buhun shinkafa tsaraba, matuƙi ya kasa cewa a'a. Ka ce, "Ranka ya daɗe, nauyin ya wuce ƙa'ida, sai dai kayan su bi mota," ka tsaya a kan haka. Wurin da aka ɗora kayan ma yana da muhimmanci. Nauyi a can baya yana sa hanci ya riƙa ɗagawa, kuma in fiffike ya saki iska, wato ya daina ɗaukar jirgin, dawo da shi zai yi wuya.

Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike, farfela da inji duk suna samun ƙasa da abin da suka saba. Lissafin mai sauƙi ne. Ma'aunin da aka ƙera jirgi a kai shi ne digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Duk digiri ɗaya da aka haura wannan, ƙara ƙafa 120 a kan tsayin filin. Gusau tana kimanin ƙafa 1,500 sama da teku, ma'auninta digiri 12 ke nan. Ranar Afrilu mai digiri 42, bambancin 30 ne, sau 120 ya ba da 3,600. Jirgin zai yi aiki kamar yana tashi daga fili mai tsayin ƙafa 5,100.

A littafin 172S, jirgi mai cikakken nauyi yana buƙatar ƙafa 1,630 a bakin teku da digiri 15 kafin ya haye abu mai tsayin ƙafa 50. A fili mai tsayin ƙafa 1,000 da digiri 40, ƙafa 2,135 ne, kimanin mita 650. Busasshiyar ciyawa tana ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan gudun ƙasa, iska daga baya kuma kowane not 2 yana ƙara kashi 10. Waɗannan alƙaluma da sabon jirgi da gwanin matuƙi aka samo su, don haka ƙara rabin abin da ka samu a kai. Ka lura kuma jadawalin a digiri 40 ya tsaya. Birnin Kebbi takan wuce haka da rana a Afrilu da Mayu, wanda ya tashi a lokacin ya fita daga abin da aka gwada. Maganin shi ne sammako: tashi bayan fitowar rana, a sauka kafin azahar, iska ma ta fi kwanciya.

Tashi

Wata rahar ta ce abu uku ba su da amfani ga matuƙi: titin da ya bari a baya, saman da bai hau ba, da man da ya bari a tanka. Titin Ambursa an yi shi ne don manyan jiragen alhazai, ya fi ƙarfin buƙatar ƙaramin jirgi nesa, amma duk da haka ka fara daga farkonsa. Titin da ya rage a gabanka shi ne wurin saukarka in inji ya yi tari bayan ɗagawa.

Kafin shiga titi, taka birki, kai inji juyi 1,800 a minti, gwada maginito ɗaya bayan ɗaya. Raguwar juyin kada ta wuce 150, bambancin biyun kada ya wuce 50. In babu raguwa ko kaɗan, wannan ma matsala ce, alamar ɗaya ba ya kashewa. In inji ya yi gargada, sau da yawa dalma ce ta taru a fulogi. Rage mai da jan maɓalli, wato mai launin ja da ke daidaita mai da iska, bar shi ya yi zafi kaɗan, sake gwadawa. Bai gyaru ba, koma rumfa. Kada ka daɗe kana wannan a rana, inji mai sanyaya da iska ba ya samun iska a tsaye.

Da ka tura totur duka, duba juyi ya kai 2,300 zuwa 2,400, matsin baƙin mai yana kore, allurar gudu kuma ta motsa. Ba ta motsa ba, ja totur ka tsaya. Zaɓi wata alama a tsakiyar titi tun da farko: in ka iso ta ba ka kai kashi 70 cikin ɗari na gudun ɗagawa ba, wato wajen not 40, fasa. A not 55 ɗaga hanci a hankali, hau da 74. In ka haye bishiyoyi da gine-ginen da ke gaban titi, sauke hanci zuwa 80 ko 85 don inji ya sha iska; jan layin zafin baƙin mai yana digiri 118.

In inji ya mutu kana ƙasa-ƙasa, aikin farko tura sitiyari gaba, nan take, ka riƙe not 70. Zuciya za ta ce ka juya ka koma titi. Juyawar tana cin tsayi mai yawa, matuƙi ya ga ƙasa na tahowa ya ja sitiyari, fiffike ya saki, jirgi ya kifa da hanci. Sauka a abin da ke gabanka, ɗan dama ko ɗan hagu. In kana can sama, riƙe not 68, wanda zai ba ka tafiyar kimanin kilomita 2.7 a kowace ƙafa 1,000 da ka sauko. Zaɓi fili, sannan ka duba maɓallin tanki, jan maɓalli, famfon mai da maginito. Kira a rediyo a mita 121.5 ta gaggawa, sa 7700 a na'urar da ke nuna ka a rada. Gonar gero ko dawa da aka girbe ta fi fadama. Laka tana kama tayar gaba ta kifar da jirgi. Bi tsawon kunya, kada ka gitta ta. Titin mota yana da wayoyin lantarki da ba a gani sai an zo kansu. Kafin taɓa ƙasa rufe mai, kashe maginito, kashe batir bayan ka sauke filaf, ka kuma buɗe sakatar ƙofa don kada ta maƙale.

Hazo da hadari

Gara kana ƙasa kana marmarin sama, da kana sama kana marmarin ƙasa, in ji su. Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi. Tashi da ido yana buƙatar ganin kilomita 5 aƙalla, hazo kuma yakan sauko da shi ƙasa da ɗaya. Yaudararsa ita ce kana ganin ƙasa a ƙarƙashinka sarai, ga gulbi ga gonaki, amma gaba fari fat, ba layin da ya raba sama da ƙasa. Da wannan layi ya ɓace, kunnen ciki yana fara ƙarya: jirgi yana karkata, jiki yana cewa daidai yake. Wani gwaji da Jami'ar Illinois ta Amurka ta yi a 1954 ya nuna matuƙan da ba su koyi tuƙi da agogo ba suna rasa iko da jirgi cikin daƙiƙa 178 a matsakaici.

In ka shiga, kafa ido a kan agogon da ke nuna kwanciyar jirgi, ka gaskata shi ko jikinka ya ƙi. Yi juyi mai sauƙi na digiri 3 a daƙiƙa, minti ɗaya cif zai mayar da kai inda ka fito. Faɗa wa hasumiya halin da kake ciki ba tare da jin nauyi ba. Kada kuma ka riƙa sauka ƙasa-ƙasa kana bin gulbin da ya ratsa Argungu don neman hanya, dogayen ƙarafan sadarwa suna nan cikin hazon.

Hadarin damina daga gabas yake tasowa, yawanci da yamma, a jere, iska mai ƙura tana gabansa. Ba a ratsa shi, ba a bi ta ƙarƙashinsa. Ba shi tazarar kilomita 35 ko fiye, in kuma ya tare hanya, juya.

Tsuntsaye ma da lokacinsu. Jan baki suna tashi dubbai a fadamun shinkafa safe da yamma, shirwa da ungulu kuma suna shawagi da rana a kan mahauta da juji. Tsuntsu in ya firgita ƙasa yake yi, don haka kai ka yi sama.

Sauka

Shigo da not 60 zuwa 70 da filaf a sauke. Iskar gefe da aka gwada jirgin da ita not 15 ce, sabon matuƙi ya tsaya ƙasa da haka sosai. Da tsakar rana ƙasa mai zafi tana tura jirgi sama, guguwa kuma takan ratsa titi. In gudu ya yi yawa, ko ka wuce kashi ɗaya cikin uku na titi ba ka taɓa ba, ko jirgi ya yi tsalle, ko ka hango dabba, tura totur duka, mayar da filaf zuwa digiri 20, ka sake zagayowa. Tura hanci ƙasa bayan tsalle shi ke karya tayar gaba ya sa farfela ta daki kwalta. Ka kuma shirya isowa awa guda kafin magariba, don duhu a nan ba ya jira bayan faɗuwar rana.

Bayan kashe inji da jan maɓalli, cire makulli, sa katako a taya, kulle sitiyari, ɗaure fiffike biyu da jela, don iskar gaban hadari tana iya kifar da jirgin da ba a ɗaure ba. Rufe bututun auna gudu da ramukan murfin inji ko minti talatin za ka yi. Sanar da NAMA ka iso don a rufe tsarin tafiyarka. Sannan rubuta a littafin jirgi duk abin da ka lura da shi, ko ƙara ce da ba ka saba ji ba ko saukar da ta yi ƙarfi, ka nuna wa injiniya kafin wani ya karɓi makulli.